Takarda a Hular Hashimu

Duk Matameye babu mai saran rake kamar Hashimu, babu kuma mai tsoron takarda kamarsa. Ya taɓa taka maciji a fadama bai yi ihu ba, amma da ya ga hatimi a kan farar takarda sai ya ja da baya. Ba banza ba. Yana ɗan shekara tara aka kawo wa ubansa takardar kira, ya tafi da ƙafarsa, ya dawo bayan shekara biyu ba ya iya miƙe baya. Ba a taɓa gaya musu laifinsa ba. Tun daga nan Hashimu ke kewaye duk ginin da aka kafa wa tuta.

To, bara aka kama maƙwabcinsa Lawwali, wai ya saci injin ban-ruwa wata Talata da hantsi. Talatar nan kuwa tare suka wuni a Tsauni suna saran rake, kwano ɗaya suka ci. Da takardar kira ta iso, Hashimu ya karɓa, ya ninke ta, ya cusa cikin hula. Bai ba kowa ya karanta masa ba. Kwana arba'in tana bisa kansa. In motar jandarma ta gifta kasuwa sai ya duƙe bayan tulin rake, ƙato da shi, abin dariya abin haushi.

Rannan Zuhra, matar Lawwali, ta tare shi a bakin rijiya. Ta ce alƙali ya shaida mata duk wanda ake tuhuma yana da haƙƙin a saurari shaidunsa, kuma shaida kawai ake kiran Hashimu ya bayar. Ta ce Lawwali ya fara tari a gidan kaso.

"Baban Najaha, ko takardar ba ta same ka ba?"

Ya ce ba ta same shi ba. Hular na kansa.

Washegari ya yi bankwana da iyalinsa, ya nemi gafarar kowa, ya tafi kotu. Aka ba shi kujera. Maganar da ya yi ba ta kai a shanye gaɓar rake biyu ba, aka ce ya tafi gida.

Ranar da aka saki Lawwali, ya fito a rame, wuya duk ƙashi, ya riƙe hannun Hashimu da hannu biyu.

"Ai na gaya musu, ran da takarda ta same ka, ran nan za ka zo."

Hashimu bai ɗaga kai ba. Har yau tare suke saran rake, har yau kuma bai gaya masa ba.