Saƙon Kaka Zuwa Cocin Dutse

Ni ɗan gidan Kirista ne, daga wani ƙauye a kudancin Kano. Aji biyu na sakandare na gudu, zaman benci ba nawa ba ne. Na yi kanikanci, na yi acaɓa, har wani Alhaji mai harkar yadi ya taho da ni Guangzhou ta ƙasar China ina ɗaure masa kaya a layin Guangyuan Xilu.

Da kakata ta ji inda nake, ta sa aka kira ni. Lokacin ciwon ƙirji ya kwantar da ita.

"Maigida, ashe garin Fada ka je ba ka gaya mini ba?"

Fadan nan limamin coci ne, Bature. Ƙungiyarsu ta turo shi China yana saurayi, da aka kori 'yan mishan suka mayar da shi wajenmu, ya buɗe ɗakin magani. Shi ya hana ƙauyenmu shan ruwa sai an tafasa, shi ya sa ake ce masa Mai Ruwan Zafi. A ƙauyenmu ya mutu tun ba a haife ni ba. Kaka ce mai dafa masa abinci. Ta ce kullum maganarsa mutanensa na China, ya tafi bai yi musu sallama ba.

"Ka je cocinsu ka ce ya rasu, mun binne shi da kyau. Kada su yi ta jira."

Na ce, "Kaka, meye sunansa na gaskiya?"

"Ka ce Mai Ruwan Zafi, za su gane."

Garin da kowa ke yawo da gorar ruwan zafi a hannu! Da na ba Alhaji labari ya yi dariya har da tari.

"Kai ɗan mishan, je ka, amma azahar ta same ka a shago."

Ran Lahadi na je babban cocin garin, wanda aka gina da dutse. Bayan an tashi na dinga tare tsofaffi ina nuna musu fassarar waya. Wannan ya ce "meiyou", wato babu, wancan ya kauce kamar zan sayar masa da wani abu. Raina ya ɓaci, na zauna a bakin matakala.

Sai wata tsohuwa ta karɓi wayar, ta daɗe tana karantawa. Ta ce wani Fada Bature ne ya yi wa babanta baftisma, amma irinsu da yawa ne a lokacin, ba ta san ko shi ba ne. Sai ta tambaya, da zai mutu akwai wani a kusa da shi?

Ban sani ba. Na kira gida nan take, can asuba ce. Kaka ta ce ita ce, hannunsa na cikin nata. Na gaya wa tsohuwar, ta gyaɗa kai, ta tafi abinta.

"Sun yi kuka?" in ji Kaka. Numfashinta na fita da ƙyar.

"Mutum ɗaya ce ta tambaya, Kaka. Ita ma ba ta tabbata ba."

Sai ta ce:

"To saƙo bai isa ba ke nan. Ka koma ran Lahadi."

Na koma, har yanzu ina komawa. Tsohuwar ban sake ganinta ba. In wayar gida ta shigo sai in tsaya ina kallonta kafin in ɗauka.