Injiniya Mai Ɗura Harsashi

A flat ɗinmu na haya da ke unguwar Al Nahda, nan ƙasar Larabawa, kowa da ɗakinsa, kicin ne muka haɗa. Wanda ya fi cika mana kunne shi ne wani Bazazzagi da muke kira Injiniya, ma'aikacin wani kamfanin na'urorin sanyaya ɗaki a unguwar Al Quoz. Kakansa mafarauci ne, in ji shi, don haka harbi a jininsa yake. Bindiga dai ba shi da ita, don a garin nan baƙo irinmu ba ya ajiye ta. Abin da yake da shi waya ce cike da bidiyon Turawa masu ɗura harsashi da hannunsu.

"Harsashin kamfani shinkafar biki ce," haka yake ce mini kullum. "Don taro aka dafa ta, ba don kai ba. Kowace bindiga da cimarta. Sai ka auna albarushinka da kanka, sannan ka sami gada a tsakiyar ido."

Har wani ɗan sikeli ya sayo a kasuwar Naif, irin na masu zinariya. Da yake babu albarushi, da garin kukarmu yake gwaji. Sai ka shigo da yunwa za ka kaɗa miya, ka tarar da shi ya duƙa a kan tebur, ya hana a kunna fanka kada iska ta ɓata masa awo.

Da na gaji, wata Asabar na ce, "Injiniya, yalla, mu je filin koyon harbi mu ga jinin kaka."

Ya tashi ya sa riga mai aljihu da yawa.

A can aka ba shi bindiga mai madubin hange, aka kafa masa takarda can nesa. Kafin ya zauna sai da ya juya harsashin a hannu, ya girgiza kai kamar likitan da ya ga ciwo ya yi nisa. Ya manna ido a jikin madubin. Ma'aikacin wurin ya ce ya ja da baya shwaiya, wato kaɗan, Injiniya ya ɗaga masa hannu alamar ya san aikinsa.

Ƙarar farko, bindiga ta yi baya, madubi ya sumbace shi a gira. Ya daure ya ƙarasa sauran yana hawaye ta ido ɗaya. Da aka jawo takardarsa, fes take, ko ƙuda bai sauka a kanta ba.

Wani dattijo Balarabe da ke layin kusa da mu ya jawo tasa, ya tsaya yana kallo. Hudar da ke jiki ta fi harbin da ya yi. Ya leƙo yana dariya, ya ce, "Shukran, habibi!"

A mota Injiniya yana dafe da ƙanƙara a goshi ya ce, "Ka gani ko? Harsashin kamfani ke nan. Da nawa ne..."

"Da naka ne da mun sha miya," na ce.

Muka koma gida. Da la'asar matarsa ta kira shi ta bidiyo daga Zariya, ta ga idon ya kumbura ya yi baƙi, ta ɗora salati. Ina kicin na ji yana gaya mata cewa na'ura ce ta faɗo masa a wurin aiki.