Ranar da Yaya Ya Leƙa Idon Inna

Yayana ɗan fari ne, don haka Innarmu ba ta taɓa kiran sunansa ba. Tun da aka yaye shi kakarmu ta ɗauke shi zuwa Gwandu, can ya girma, mu kuma muka tashi a Dangoma. In ya zo gaisuwa yakan durƙusa a bakin ƙofa, ita kuma ta kau da fuska ta amsa a gajarce. In maganarsa ta kama sai ta ce "yaron ga" ko "na Gwandu". Ni ne auta. Ni take zagi, ni take ja wa kunne, har bayan na yi aure na buɗe shagon ɗinki a Kalgo.

Karatuna bai wuce sakandare ba, shi ya sa na yi mamaki da Yaya ya ce zai koma horo. Ya gama jami'a, yana gwada ganin mutane yana rubuta musu tabarau, ana ce masa likita. Na ce to me kuma ya rage?

Ya ce, "Akwai ciwon da ke cin ido ta ciki, auta. Mai shi zai karanta maka duk abin da ka nuna masa, alhali makanta na tafe. Tabarau ba ya maganinsa."

A asibitin Birnin Kebbi ake horon, ƙarƙashin manya. Ya ce shi ke fara duba mara lafiya ya faɗi abin da ya gani, sannan malamarsa, wata babbar likitar ido, ta sake dubawa. In ya yi kuskure, nan gaban mara lafiyan za ta gyara masa. Duk zuwan da zai yi gida yana tafe da wata 'yar tocila mai ƙaramar taga, wadda ake leƙa bayan ido da ita. Ya leƙa na matata, na maƙwabta, har na mai shayin bakin shagona. Da ya leƙa nawa na ce me ya gani, ya ce ba komai sai barci.

A lokacin ne Inna ta fara tuntuɓe. Turmi na gefenta na hagu sai ta buge shi. Akuya ta zo ta ci tsakin da ta shanya daf da ƙafarta, ba ta kore ta ba. Amma in ta zauna tsince shinkafa, ko tsakuwa ɗaya ba ta tsere mata. Abin ya ɗaure mini kai. Wane irin ido ne zai ga tsakuwa ya kasa ganin turmi? Da na ba Yaya labari a matsayin abin dariya, bai yi dariya ba. Ya ce irin ciwon da yake faɗa kenan, daga gefe yake farawa, kuma abin da ya ci ba ya dawowa.

Ni aka aika in lallashe ta. Zuwa asibitin Birnin Kebbi ta ce ba ta zuwa, mai lafiya ba ya tare wa marasa lafiya layi. Na ce to Yaya ya duba ta a gida.

Ta ce, "Yaron ga zai sa fuskarshi bisa tawa? Kai dai ba ka da ta-ido, shi ma so kake ya rasa?"

Sau ɗaya ta yarda ta zauna, da ƙyar. Yana matsowa ta sunkuyar da kai ta runtse ido. Ya ce ta kalli bango, ta ƙara duƙawa. Ya tattara kayansa ya fita.

Da ya koma ya kai wa malamarsa matsalar. Ya ce ta yi murmushi ta ce ita ma 'yar fari ce. Ta ce masa, "Bango ba zai riƙe idon uwarka ba kana kusa da ita. Wa take iya kallo ba ta gaji ba? Shi za ka tsayar mata."

Wata Asabar da hantsi muka saki asabarin ɗakinta don ya yi duhu. Ta zauna bakin gado. Na tsaya can jikin ƙofa, na karkata hulata kamar ta 'yan tasha, don na san ba za ta iya yin shiru ba.

"Mi ne haka? Magidanci da kai, ka ɗora hula kamar an jefo maka ita?"

"Yayi ne, Inna."

"Yayin uwaka. Gyara ta."

"Ai ke ce uwar tawa."

Tana cikin hararata, Yaya ya matso ta gefe. Ya ɗora tafinsa a goshinta, ya ɗaga fatar idon da babban yatsa, ya kunna tocilar. Na ga kafaɗarta ta ƙame. Amma ba ta sauke ido daga kaina ba. Ta ci gaba da faɗa, kan hula, kan rigar da na ɗinka mata wuya ya yi faɗi, kan ramar da na yi, muryarta na raguwa har ta koma kamar mai lazimi. Ya daɗe a na dama. Ya fi daɗewa a na hagu.

Da ya miƙe ya ce mini, "Ka gaya wa Inna jibi za mu Birni."

Ta ce, "Ka ce mishi na ji."

A zaure na tsare shi, na ce sai ya faɗa mini abin da ke cikin ido. Ya zana mini a ƙasa. Ya ce can baya akwai kan jijiyar gani, kamar ɗan faifai mai ƙaramin rami a tsaka. In ruwan cikin ido ya yi yawa ya danne ta, ramin ya yi ta faɗi. Na hagun Inna ya zama kamar ƙoƙo, baki kawai ya saura. Na dama da sauransa. Na ce ban da wannan fa, me ya gani? Ya goge zanen da ƙafa, ya miƙe ya fita.

A asibiti malamar ta auna, ta sake leƙawa, ta ce abin da ya gani daidai ne. Aka ba mu maganin ɗigawa safe da yamma. Matata ke ɗiga mata, ni kuma in kai ta awo in lokaci ya yi. Na hagu bai dawo ba. Na dama ya tsaya inda aka same shi.

Bara da damina Allah ya yi mata rasuwa, bayan gajeriyar jinya da ba ta shafi ido ba. Allah ya jiƙanta. Har makonta na ƙarshe da kanta take ɗaukar buta ta zaga, ba wanda ya taɓa yi mata jagora.