Bel Mai Ruwan Hoda da Hajiya Ta Ce In Nemo

Shekarun baya, ina Guangzhou saro kaya, ƙanwata ta kira ni daga Kano ta ce an yi wa mahaifiyarmu aiki, likita ya ce ta riƙa ɗaura bel ɗin matse ciki. Aka miƙa mata wayar. Da kyar muryarta ke fita.

"Ki nemo mini irin wanda na sa bayan haihuwarki. Mai ruwan hoda, wanda bai ciza ba."

Na ce, "Hajiya, yanzu ai baƙi ake yayi."

"Ni dai wancan."

Na bi shagunan kasuwar Canaan ɗaya bayan ɗaya. Duk inda na kwatanta sai a ce "meyo", wato babu. Ni mai cika bakin na san kowane lungu, sai ga ni ina ta zagaye wuri ɗaya. Can wata dattijuwa 'yar China ta zaro shi daga ƙasan kwali. Da guntun Turancinta ta bayyana mini cewa a da fari ake ɗinkawa, sai Turawa suka koma wannan suka ce kalar fata ce, ba ta nunawa a ƙarƙashin riga. Baƙi daga baya ya shigo. Ta ɗora mai ruwan hodar a kan hannuna, muka dubi bambancinsa da fatata.

Abin ya tsaya mini a rai har gida. Na tarar da Hajiya a kwance ta rame, na ba ta bel ɗin, na kuma ba ta labarin.

Ta shafa shi ta ce, "Fatar wa? Mu ba mu san wannan ba. Marigayi babanki ne ya sayo mini ana gobe sunanki. Kunya ta hana shi faɗin sunan abin, ya ajiye a bakin gado ya fice." Ta yi dariya tana dafe da ɗinkin.

Ba ta tashi daga ciwon nan ba. Allah Ya jiƙanta.

Har yau ina sayar da bel, kuma na daina gaya wa manya abin da ake yayi. In dattijuwa ta shigo ta ce mai ruwan hoda take so, kujera nake ba ta, in tambaye ta wa ya saya mata na farko.