Tudu biyu a tabarmar Ustaza Zahra'u

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da safen nan ina goge ma'aunin yara a asibitinmu na Doka aka kira ni a waya: Ustaza Zahra'u ta rasu a Gadarif.

Ita ce malamarmu ta ihsa, wato ƙididdiga, a kwas ɗin da aka sa mu mataimakan ungozoma mu yi. Ni a aji shida na tsaya. Sau biyu na faɗi wannan darasi, kuma an gaya mini in na sake faɗuwa ranar Asabar ɗin nan, za a ba wata aikin awon yara.

Ba ta taɓa yi mini dariya ba. To, sau ɗaya.

Ba da allo take farawa ba. Tabarma take shimfiɗawa, ta ja layi da alli, ta rubuta kilo-kilo a jikin layin, ta zuba wake a faranti. Kowane yaro ƙwaya ɗaya, ki ajiye ta a kan nauyinsa. In kin gama ki ja da baya ki duba: ina suka taru, ina suka bazu, wa ya tsaya shi kaɗai can gefe.

Bara da yankan riɗi na kai mata awon 'yan shekara biyu da na yi. Da na jera waken, maimakon tudu ɗaya irin na littafi, sai ga tudu biyu da kwari a tsakani. Kunya ta kama ni, na ɗauka ni na ɓata awon. Tana juyawa ta zuba mana gahawa, na sa yatsa na tura waken tsakiya.

Ashe ta gani.

Ta ce, "Amna, wa ya kwashi 'ya'yan mutane ya kai su inda ba su je ba?"

Na ce, "Ustaza, ai raƙumi tozo ɗaya gare shi."

Nan ta yi dariya har ta ajiye finjali. Sannan ta ce, "Mayar da su. Karanto mini sunayen na hagu, masu ƙarancin nauyi."

Na karanta. Kusan duk yaran kambo ne, bukkokin masu yankan riɗi a manyan gonakin tarakta, waɗanda uwayensu ke wuni a gona. Na dama kuwa yaran cikin gari. Matsakaicin nauyin da na rubuta ya ce lafiya lau, alhali ko yaro ɗaya bai zauna a kansa ba.

Washegari ta hau lori tare da ni, da ciwon gwiwarta, muka kai ma'auni har kambon.

Rabona da ita ranar Lahadi. Na same ta a kwance, ta rame, amma ta ce in shimfiɗa tabarma. Babu wake a gidan, da ƙwallon dabino muka yi. Na ce mata in tudu ya ja jela gefe ɗaya, har yanzu ban san ko a ce ya karkata hagu ko dama ba.

Ta ce, "'Yata, bi jelar da ido, ƙyale tudun. Dawo Alhamis mu ƙarasa. Ki zo mini da gyaɗa mai gishiri."

Na tashi da sauri don kada bas ɗin Doka ya bar ni. Da na sani, da na bar shi ya tafi.

Gobe ce Alhamis ɗin. Gyaɗar tana cikin jakata.

Ɗazu na ce a raina na fasa jarrabawar. Amma riɗin bana ya kusa yanka, kuma in na fasa, ban san wa zai kai ma'auni kambo ba. Zan je in rubuta, ko da ban gama gane jelar ba.

Allah ya jiƙanki, Ustaza, ya yalwata kabarinki, ya sa abin da kika koya mana ya zama haske gare ki. Duk wanda ya karanta wannan, don Allah ya yi mata Fatiha. Ni ma ku tuna da ni ranar Asabar.