Shaidu Biyu a Rumfar Zaɓe

Akwai ranar da ba ta fita raina, ranar zaɓen 'yan majalisa na ƙarshe da Likita Noma ya shiga. Malamin dabbobi ne, ya shekara da shekaru yana yi wa shanun Arewa allura kafin ya yi ritaya ya faɗa siyasa. Sau biyu yana neman kujerar depite, wato ɗan majalisa, yana faɗuwa, kuma duk ina tare da shi, daga Matankari har ƙauyukan Tibiri. A karo na uku ya ce mana daga wannan ya gama, ƙafafunsa sun gaji.

A nan ƙasar jam'iyya ke jera sunayen 'yan takararta na jihar Dosso, yawan ƙuri'unta kuma shi ke nuna mutum nawa za su shiga daga saman jerin. A wannan karo sunan Likita ya hau sama, yana daidai bakin gaɓa, ko ya shiga ko ya faɗi. Ni kuwa, da nake malamin makaranta, abin da a nan ake kira Mushe, aka aza ni delege, wato idon jam'iyya, a rumfar ƙauyenmu da ke kusa da Dogon Kiriya, inda ni da shi muke da rajista.

Bayan azahar sai ga Arɗo Buba da mutanen rugarsa, wajen su talatin. Sunayensu na cikin rajista, amma ba mai takardar shaida ko ɗaya. A wancan zaɓe doka ta yarda mutum biyu masu rajista a rumfar su tsaya su ce sun san ka, sai ka jefa ƙuri'a. Kowa kuma ya san Arɗo ya riga ya ba abokan hamayyarmu alkawari, saboda wata rijiya da suka yasar masa.

Na dubi layi, na ga duk namu ne, magoya bayan wancan ɓangare sun jefa tun da safe sun watse. Delegensu baƙo ne daga Dosso, ba shi da ikon shaida. Sai na bi mutanenmu da ido ina girgiza kai, alamar kada kowa ya yi musu shaida. Shugaban rumfa ya yi tambaya har sau uku: "Wa ya san mutanen ga?" Tsit! Mutanen da ke sayen nono wurin matan rugar kullum safiya, kowa ya sunkuyar da kai. Wallahi a lokacin daɗi na ji, ina ganin na iya aiki, tunda ban karya doka ba.

Ana cikin haka motar Likita ta tsaya, ya zo jefa tasa. Ya ga Fulani tsugune a rana, ya tambayi dalili. Na ja shi gefe na ce, "Likita, ka jefa taka ka tahi. Waɗanga ba namu ba ne."

Ya ce, "Mushe Ibro, mi kake so in ce? Na san shanunsu ɗaya bayan ɗaya, sannan in ce ban san masu su ba?"

Ya je gaban tebur ya ce ya san su. Shugaban rumfa ya ce saura shaida na biyu. Likita bai dubi kowa ba sai ni. "Ɗiyan Arɗo biyu ajinka sunka zauna. Ko ka mance?" Kunya ta rufe ni, haushi ya cika ni, na ja ƙafa na tsaya kusa da shi. Yana kiran sunan kowa har da na ubansa, ni ina cewa "haka ne" kamar mai amshin waƙa. Arɗo da zai shiga ya ce, "Likita, ka san ba kai za mu yi ba." Likita ya ce, "Na sani. Shiga, rana na yi."

Da sakamako ya fito, jam'iyyarmu ta tsaya a kan sunan da ke gaban nasa. Ƙuri'u talatin ne suka kayar da shi? Ban sani ba, kuma har gobe ba mai iya rantsewa. Ni dai na yi wata biyu ban taka gidansa ba. Da na je, dariya ya yi mini: "Mushe, hushin ya ƙare, ko goro ya kawo ka?"

Bai sake takara ba. Bara waccan Allah ya yi masa rasuwa a Dogon Dutsi. Ranar addu'ar uku muna zaune, sai ga Arɗo Buba ya tsufa tukuf, mutanen rugarsa na biye. Wani daga cikin manyan baƙi ya tambaya ko su wane ne. Arɗo ya dogara sandarsa ya ce, "Ran da gari duka ya ce bai san mu ba, shi ya ce ya san mu. Yau mun zo mu ce mun san shi." Ban iya ɗaga kai ba, don ni na hana garin magana a ranar.

To, ku da wata rana za a aza ku delege, ku tsare ƙuri'ar ɗan takararku iyakar ƙarfinku, aikin ke nan. Amma ku tuna da magariba ake kwashe akwati, mutanen da ke layi kuwa da su za ku kwana gari ɗaya. Ni sau uku na yi aikin nan, kuma abin kirki ɗaya da zan iya nunawa a ciki, tilasta mini aka yi.