Darlene Tackett da Katuna Masu Lanƙwasa

Ƙarfe shida da rabi na safe, kafin motar ɗalibai ta farko ta iso, za ka ji tsohuwar motar Malama Darlene Tackett tana tari a harabar makarantarmu. Sai ta sauko da butar kofi a hannu ɗaya, ɗayan da jakar ayaba da biskit, don ta ce ita ba ta koyar da yaron da cikinsa ke kuka. Shekara talatin da huɗu tana haka, ko ƙanƙara ta kai gwiwa. Ni ce sakatariyar makarantar, tagata na kallon ƙofa, saboda haka kada wanda ya yi mini gardama.

A wannan gari namu na manoman masara a tsakiyar Amurka muna da wata al'ada. Ƙarshen kowace shekara malaman aji uku kan rubuta wa kowane yaro kati, malaman aji huɗu su zauna a teburi su raba, duk katin da malami ya ɗauka yaron ya zama na ajinsa. Yaron da karatu ya gagara, ko mai fitina, akan lanƙwasa kusurwar katinsa. Ba a rubuce yake ko'ina ba, amma kowa ya san ma'anarsa. Darlene kuwa tun ina sabuwa waɗannan take tsincewa.

Shekara biyu da suka wuce majalisar jiha ta kawo sabuwar doka. Albashi, da wurin aiki, da wanda za a sallama idan an rage ma'aikata, duk ƙwazo ne zai yanke, ba daɗewa ba, kuma da jarrabawar yara za a auna ƙwazon. A lokacin ne aka ce cikin malaman aji huɗu su uku, ɗaya zai tafi a ƙarshen shekarar karatu mai zuwa. Da can Colby Ostrander ne zai tafi, matashin da bai daɗe da zuwa ba. Yanzu shekarun Darlene sun daina kare ta, ga shi saura biyu kacal fanshonta ya cika.

Ranar rabon kati na kai musu kofi, na ƙi fita. Malam Virgil, na ukunsu, ya kwashe katuna masu santsi kamar ana rabon nama. Colby na zaune yana zullumin rasa aiki, don matarsa na da tsohon ciki. Darlene ta jawo masu lanƙwasa gabanta, goma sha ɗaya cif.

"Malama, a raba mana su," in ji Colby. "Bana fa da jarrabawarsu za a yi miki hukunci."

"Kai yaro, ko kiran suna ba ka gama iyawa ba. Bar mini kayana."

Na bi ta waje na ce, "Ke Darlene, kanki ɗaya kuwa? Shekara biyu fa ta rage miki."

"Koma ki amsa wayarki, sarauniyar sa ido. Doka ce ta canja, yaran suna nan yadda suke."

Na ji haushinta ƙwarai, domin tsoro nake ji mata. Amma abin da aka gani a shekarar ya fi bakina. Mai dafa abinci ta shaida ko sau ɗaya Darlene ba ta ci abincin rana a ɗakin malamai ba, kullum tana tsakiyar yaranta. Wata yarinya Jolene, wadda ba ta iya haɗa kalma biyu a karatu, Darlene ta gano tana son taraktar babanta, sai ta samo littafin gyaran tarakta suka dinga karantawa. Colby ma, abokin takararta, har ajinsa take shiga tana nuna masa yadda ake shawo kan yara.

Da sakamako ya zo ni na buɗe ambulan. Ashe dukanmu mun yi kuskure: ba yawan maki dokar ke dubawa ba, tazarar da yaro ya ci daga bara zuwa bana ce. Yaran Virgil dama suna sama, ba su motsa sosai ba. Darlene ta zo ta ɗaya, Colby na biye. Virgil ya karɓi fanshonsa ya koma kamun kifi, har yau yana kawo mana yana cewa wayonsa ne ya ci shi.

Na ce mata, "Munafuka, ashe kin sani."

"Wa ke da lokacin karanta doka mai shafi casa'in? Ina da yara sha ɗaya."

Aka ƙara mata albashi, aka ba ta zaɓin komawa sabuwar makarantar unguwar masu hali. Ta tambaya ko akwai masu lanƙwasa a can, aka ce kaɗan ne. Ta ce to me za ta je yi.

Ke ce uwar waɗanda aka yar, Darlene. Ke ce kika ɗauke su ranar da kika ɗauka za su jawo miki kora. Mun gode miki, mu da iyayen garin nan kaf.

Makon jiya ta yi ritaya, jiya kuma aka zauna rabon kati ba da ita ba. Na kai kofi, na ƙi fita. Colby ya miƙa hannu ya jawo masu lanƙwasa, wata sabuwar malama ta ce a raba musu, ya ce ta bar masa kayansa. Malamai, duk inda kuke, idan kati mai lanƙwasa ya zo gabanku, ku riga kowa miƙa hannu.